Basir ne, sanyi ne, ko an ɗaure shi? Fashin baƙi kan matsalolin shimfiɗar aure

A Yamai, magidancin da abin ɗaki ya fara gagara ba ya buɗe baki ya ce ya gagare shi. Yakan tsaya a kantin magani a Bukoki ko Wadata, ya jira mutane su ragu, sannan ya sassauta murya: "Likita, basir ne ke damuna." Mace kuma ta ce wa ungozoma, "Sanyi ne gare ni." Kalmomin nan biyu buhu ne da ake zuba komai a ciki: rashin miƙewar gaba, saurin kawowa, zafi lokacin saduwa, ƙaiƙayi, mutuwar sha'awa, rashin haihuwa, har da fushin da aka yi wata uku ana haɗiyewa. In maganin basir ya kasa, sai a koma ga bayani na uku, a ce an ɗaure shi, ko kishiya ta yi mata aiki.

Aikin farko na masu ilimin jima'i shi ne zazzage wannan buhu. Fannin bai tsufa ba a likitancin zamani. Alfred Kinsey ya yi hira da dubban Amurkawa ya fitar da sakamakon a 1948 da 1953. William Masters da Virginia Johnson sun auna abin da jiki ke yi suka kasa shi hawa huɗu a 1966: motsuwa, ƙaruwar motsuwar, inzali, saukowa. Daga baya Helen Kaplan ta ce sun tsallake hawa na farko, wato sha'awa. A 1977 wani likita, George Engel, ya kafa hujjar cewa ba a fahimtar ciwo sai an dubi jiki da zuciya da zaman mutum cikin jama'a tare. Malamanmu na zaure ba baƙin wannan magana ba ne. Yaron da ya karanta littattafan farko na fiƙihu ya san bambancin maniyyi da maziyyi da wadiyyi, kuma a mazhabar Maliku ana ba mijin da ya kasa kusantar matarsa wa'adin shekara guda ya nemi magani. Addini ya yi maganar ɓaro-ɓaro tun da daɗewa. Kunya ce ta mayar da ita raɗa.

Tambayoyi uku ake yi wa kowace matsala: me ke faruwa a jiki, me ke cikin zuciya, me ke faruwa a gidan. Mai tallar magani a tasha amsar guda ɗaya yake sayarwa, shi ya sa ake komawa wajensa kowane mako.

Abin da ke miƙar da gaba, da abin da ke kwantar da shi

A cikin mazakuta akwai wasu bututu biyu masu kama da soso. Idan saƙo ya sauko daga ƙwaƙwalwa ko ya taso daga taɓawa, jijiyoyi kan saki wani sinadari mai suna nitirik oksid, tsokar da ke bangon hanyoyin jini ta saki, jini ya kwararo ya cika soson. Cikar ce ke matse hanyoyin fita, jinin ya tsaya a ciki. Ke nan ana bukatar abu huɗu: hanyoyin jini masu kyau, jijiyoyin saƙo masu rai, sinadarin maza wato testosteron gwargwado, da hankali kwance. Na huɗun shi ake rainawa. Tsoro na sa jiki ya saki adrenalin, aikinsa kuwa matse hanyoyin jinin nan ne. Mutum ya kasa sau ɗaya saboda gajiya ko bashi da ke cin ransa; dare na biyu ya shigo ɗaki yana sauraron jikinsa kamar mai jiran hukunci; tsoron ya rufe famfon; ya sake kasawa. A mako biyu abin ya zama ciwo, alhali babu abin da ya lalace.

Likitan da ya san aikinsa yakan raba wannan da ciwon jiki tun kafin ya taɓa allura.

"Alhaji, abin farat ɗaya ya zo, ko a hankali ya riƙa raguwa?"

"Farat ɗaya, likita. Tun bayan bikin."

"Da asuba in ka farka, kana samun miƙewa?"

"Ina samu."

"A ɗakin uwargida ma haka ne, ko a na amarya kaɗai?"

Shiru ya ɗan yi tsawo. "A na amarya ne."

Amsoshin nan uku sun kusa gama aikin. Namiji mai lafiya kan samu miƙewa sau uku zuwa biyar cikin barcin dare ba tare da ya sani ba. Wanda ke samun ta asuba, kuma abin na yiwuwa a ɗaki ɗaya yana gagara a ɗaya, hanyoyin jininsa na aiki. Abin da ke gabansa fargaba ce: yarinya ƙarama, surutun dangi, tsoron kada a raina shi. Irin wannan ne ake rantsuwa an ɗaure shi, domin alamar ta yi daidai da labarin da aka saba ji.

Idan kuwa a hankali abin ya riƙa raguwa cikin watanni, ta asubar ta ɓace, kuma ko'ina haka ne, sai a nufi jiki. Nan ne maganar ta wuce ɗakin kwana. Hanyoyin jinin mazakuta faɗinsu milimita 1 zuwa 2 ne, na zuciya kuwa 3 zuwa 4. Kitsen da ke toshe hanyoyi ƙananan yake fara cikawa, don haka raunin gaba kan riga ciwon zuciya bayyana da ƴan shekaru. Magidanci mai shekara 45 da ya zo da wannan kuka ya kamata a auna masa tansiyo (14/9 ko sama da haka, in ya maimaitu, hawan jini ne), a auna suga da safe kafin ya ci komai (giram 1,26 a lita ko fiye, sau biyu, ciwon suga ne), a duba kitsen jini. In sha'awar ce ta mutu gaba ɗaya, a ƙara da awon testosteron, shi ma da safe, domin da yamma yakan sauka ya ba da sakamakon ƙarya. A kuma tambaye shi sigari, shisha, giya, da magungunan da yake sha. Wasu na hawan jini da na damuwa na rage ƙarfi, amma canza su ake yi da sanin likita. Wanda ya ajiye maganin tansiyonsa don ya farfaɗo da ɗaki, shanyewar ɓarin jiki yake saye. Shi kuwa basir da aka ɗora wa laifi, kumburin jijiyoyin dubura ne, yana iya sa zafi da rashin sukuni, amma ba shi ke hana jini shiga mazakuta ba.

Ƙwayar sildenafil, wadda aka fara sayarwa a 1998 da sunan Viagra, tana aiki, sai dai da sharuɗɗa. Ba ta haifar da sha'awa; taimaka wa saƙon da ya riga ya taso take yi don ya daɗe. Tana zuwa a miligiram 25, 50 da 100, ana sha kamar awa guda kafin saduwa, sau ɗaya tak a yini, kuma abinci mai maiƙo na jinkirta ta. Haɗarinta babba shi ne haɗa ta da magungunan ciwon ƙirji na rukunin nitirat, irin wanda ake sa wa ƙarƙashin harshe: tansiyo kan faɗi warwas, har a rasa rai. Abin da ya sa wannan ya shafi kowa shi ne hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sildenafil a ɓoye cikin zuma da shayi da garin da ake sayarwa da sunan "na gargajiya zalla". Mai ciwon zuciya ya sha bai san me ya sha ba, bai kuma san nawa ba. Miƙewar da ta wuce awa 4 ba ta sauka ba ta asibiti ce a daren nan, domin jinin da ya tsaya yana kashe soson. Masu amosanin jini sun fi kowa shiga wannan, ko ba su sha komai ba.

Saurin kawowa ya fi rashin miƙewa yawa a bakin samari, kuma rabin matsalar a ma'auni take. A fada, ana zuba shayi na biyu, kowa sai ya ce awa guda yake yi. Finafinan waya, da ake yankawa a haɗa, sun ƙara ƙarfafa ƙaryar. Binciken da aka yi a 2005 kan ma'aurata 500 a ƙasashe biyar, da agogo a hannu, ya sami tsaka-tsakin minti 5,4. Likitoci na kiran abin ciwo ne idan kusan kullum yana zuwa cikin minti guda, ko ya faɗo ƙasa da minti uku bayan da can ba haka yake ba, mutum ba ya iya riƙewa, kuma abin na damunsa. Dabarar da aka sani tun 1956 ita ce tsaya-ka-ci-gaba: in ya ji ya kusa, ya dakata cak har jin ya lafa, kamar daƙiƙa 30, ya ci gaba, sau uku, a na huɗu ya bari. Sai an yi makonni ana maimaitawa, kuma sai matar ta san abin da ake yi, in ba haka ba ta ɗauka gudunta yake. Kwaroron roba ma na rage kaifin ji. Abin da ya cika gari shi ne tramol. Gaskiya yana jinkirta inzali, amma jiki na sabawa, a ƙara ƙwaya, a kai ga farfaɗiya da jaraba, kuma shan sa na tsawon lokaci na kashe sha'awar da aka sha shi dominta.

Ɓangaren mata, inda aka fi yin shiru

Ni'imar mace ba ruwa ba ne da ke ajiye a wani wuri ana ƙara shi da tsimi ko gumba. Idan ta motsu, jini ne ke cika bangon farji, danshi ya tsattsafo daga cikinsa, farjin ya ƙara tsawo ya saki. Wannan na son lokaci da kwanciyar hankali. Mafi yawan mata kuma ba sa kaiwa ga inzali da shiga kaɗai sai an haɗa da taɓa ɗan tsakan da ke sama da ƙofar fitsari. Mijin da ya shigo ya gama cikin minti uku, sannan ya ba da kuɗin kayan mata, ya biya kuɗin gyaran abin da shi ne ya tsallake.

Akwai bushewar da ta fito daga jiki. Mai shayarwa na da sinadarin nono da yawa, shi kuma yana danne sinadarin mata wato estirojin, fatar wurin ta yi siriri ta bushe. Haka macen da haila ta ɗauke mata, yawanci tsakanin shekara 45 da 55. Arba'in ta cika ba ya nufin ɗinkin haihuwa ya daina zafi. Maganin farko mai sauƙi ne: man santsi na ruwa da ake samu a farmasi. Man kaɗe da basilin da man girki na cinye kwaroron roba cikin ƴan mintuna, kada a haɗa su da shi.

Matsi shi ne inda ake yi wa kai ɓarna da kuɗi. Farji mai lafiya na da ɗan tsami, ma'auninsa tsakanin 3,8 da 4,5, kuma wasu ƙwayoyin halitta masu amfani ne ke riƙe da tsamin nan suna hana na cuta zama. Alif, kanwa, garin itace, sabulu mai ƙarfi, wankin ciki da ruwan magani, duk suna kashe masu gadin. Matsewar da ake ji kumburi ne da bushewa. Fata ta tsage, hanya ta buɗe wa cutar sanyi da ƙwayar Sida, ruwa mai ƙarni ya biyo baya, a ce sanyi ne, a ƙara wani matsin. Farji da kansa yake wanke cikinsa. Ruwa a waje ya isa.

Wata matsalar ta amare ce. An kai yarinya ɗaki, kwana bakwai, wata guda, miji ya kasa shiga, ita kuma tana kuka tana maƙe ƙafafu. Tsokokin bakin farji ne ke ɗamewa da kansu saboda tsoron zafi, kamar yadda ido ke rufewa in an kawo masa yatsa. Ba da gangan take yi ba. A gida sai a ce angurya ce ko gishiri, a kira wanzami. Askar na iya kaiwa ga mafitsara ta bar ta da yoyon fitsari, cutar da ke da cibiya guda ta ƙasa a Yamai saboda yawan masu ita, kodayake doguwar naƙuda ce babban sanadinta. Dokar Nijar ta 2003 ta haramta yi wa al'aurar mace yanka irin wannan. Maganin gaskiya ba ya son jini: a dakatar da yunƙurin shiga gaba ɗaya, ungozoma ta duba ta tabbatar babu toshewa, a koya mata sakin tsokar da numfashi, ta fara da ɗan yatsanta da man santsi, a ƙara girma a hankali cikin makonni, ita ke cewa a ci gaba ko a tsaya. Haka zancen jinin daren farko: tantanin budurci ba murfi ba ne, zobe ne mai miƙewa, kuma budurwai da yawa ba sa zubar da jini ko ɗigo. An sha kashe aure a kan wannan jahilcin.

Sha'awa kanta ba iri ɗaya ba ce. A 2000 wata likita a Kanada, Rosemary Basson, ta nuna cewa mata da yawa, musamman a auren da ya daɗe, ba sa fara jin sha'awa sannan su nemi miji. Daga zama lafiya ake farawa, da magana mai daɗi da taɓawa, jiki ya motsa, sannan sha'awar ta biyo. Matar da ta ce "ni ba na jin komai sai ya fara" lafiyarta ƙalau. Abin dubawa shi ne wadda ko an fara ba ta ji, ga rashin barci, ga kuka, ga rashin jin daɗin komai. Wannan ciwon damuwa ne, yakan kuma taso bayan haihuwa. Wadda aka taɓa yi wa fyaɗe ko ake duka a gida, jikinta na iya ƙin abin da bakinta ya yarda da shi, kuma ba tsimin da zai kai can.

Ga ma'auratan da tsoro ya shiga tsakaninsu, ko na kasawa ko na zafi, akwai tsarin da Masters da Johnson suka fito da shi. A hana saduwa da gangan na mako ɗaya ko biyu. Sau biyu ko uku a mako su keɓe, kowa ya taɓa ɗan'uwansa kamar minti 15, ban da al'aura da ƙirji. Sannan a shigo da su, har yanzu ba shiga. Sai daga baya a shiga ba tare da gaggawa ba. Hanin shi ne maganin: da zarar babu jarrabawar da za a faɗi, adrenalin ya sauka. Inda yake rushewa shi ne miji ya ga alamar nasara a dare na biyu ya yi wuf ya tsallake matakai.

Gidan da ake kwana a ciki

Tambaya ta uku, wato me ke faruwa a gidan, ba ta da ƙwaya. Iyali na haya a ɗaki ɗaya a Talaje ko Harobanda, yara huɗu a tabarma, ga zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, wuta ta ɗauke, kowa ya fito tsakar gida tare da maƙwabta. Wanda ya saba da gaggawa don kada yaro ya farka, jikinsa gaggawar zai koya. Rabon kwana na da nasa nauyin: daren ya zama hakki da ake ƙirgawa, mace na auna kanta da kishiya, miji na tsoron a ce ya yi rashin adalci. A Adar, inda maza ke tafiya bida Abijan ko Libiya ko Aljeriya su yi shekara ko fiye, ma'aurata kan haɗu kamar baƙi, wani lokaci da cutar da aka kwaso a hanya. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin 18, kashi 28 kafin 15. Yarinyar da farkon abin da ta sani na shimfiɗa zafi ne da tsoro, jikinta na riƙe darasin shekaru.

Tsoron rurrutsa ma na kashe sha'awa fiye da yadda ake zato. Shayarwa na hana ciki ne kawai in an cika sharuɗɗa uku tare: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, haila ba ta dawo ba. In ɗaya ya faɗi, sai a nemi wata hanya: ƙwaya, allurar wata uku, ashanar hannu ta shekara 3 ko 5. Makarantun mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar haihuwa, da aka fara a jihar Damagaram a 2008, sun tsaya a kan wannan fahimta, cewa shawarar ɗaki ba ta yiwuwa in an bar miji a waje.

Alƙaluma irin na binciken 2012 da tambaya ake samo su, kuma tambayar jima'i na da wuyar sha'ani. Maza kan ƙara, mata kan rage. Amsar da mace za ta bayar uwar miji na zaune a bakin ƙofa daban take da wadda za ta bayar ita kaɗai. Shi ya sa masu bincike ke sa mace ta tambayi mace, a keɓe, ba a rubuta suna, kuma a daidaita kalmomi tun farko, domin "kwana da miji" na iya nufin saduwa, na iya nufin ranar girki kawai. Ma'aikacin asibiti ma haka: in ya tambaya a gaban layi, "lafiya lau" zai ji.

Sanyin gaske, wato cutar da ake ɗauka ta saduwa, alamarsa ga namiji fitar mugunya da zafin fitsari ne cikin kwana 2 zuwa 7. Mata da yawa ba sa ganin komai har ya hau ya toshe bututun ƙwai. Ƙa'idar magani ita ce a yi wa kowa lokaci guda, miji da dukan matansa, a shanye maganin, a ƙaurace kwana 7. In an bar mutum ɗaya, cutar zagaye take yi ɗaki zuwa ɗaki. Wanda aka yi wa fyaɗe ko kwaroro ya fashe masa da wanda bai san lafiyarsa ba yana da awa 72 ya fara maganin kariya daga Sida, na kwana 28. Rashin haihuwa kuma ana fara bincikensa bayan wata 12 ana saduwa ba kariya, ko wata 6 in matar ta haura 35, kuma a kusan rabin ma'aurata akwai hannun namiji a ciki. Awon maniyyi ya fi duk gwaje-gwajen mace sauƙi da arha, ana yin sa bayan ƙauracewar kwana 2 zuwa 7. In ya fito da rauni a maimaita bayan wata uku, domin zazzaɓi mai zafi kaɗai na iya rage shi na ɗan lokaci, kuma sabon maniyyi na ɗaukar kusan kwana 74 kafin ya nuna.

Mace na iya farawa daga ungozomar asibitin unguwa, a tura ta asibitin haihuwa na Issaka Gazobi in abin ya fi ƙarfinsu. Namiji daga babban likita, sannan likitan mafitsara. Mai zuwa ya zo da kwalaye da ƙullin duk abin da yake sha, har na mai tallar tasha da na wajen biki, ya kuma riƙe watan da abin ya fara da abin da ya faru a gidan a watan nan.